Yadda na koya wa tsohuwar Sakhr rubuta ƙa, ɗa da ɓa

A shekarar 2022, lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin kudancin Jidda muka kwashe kayanmu muka koma wani gida can arewacin gari, na tsinci kwamfutar mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ƙasan wani akwatin ƙarfe irin wanda alhazai suke zuba tsaraba. An naɗe ta da tsohon harami, kusa da ita kuma akwai wayoyinta da ƙananan fayafayai guda goma sha biyu a cikin gwangwanin alewa. Sakhr ce, samfurin AX-370, mai ɗauke da haruffan Larabci da na Turanci a kan kowane madanni. Duk wanda ya tashi a Makka ko Madina ko Jidda a ƙarshen shekarun 1980 ya san wannan suna, domin a gidaje da yawa ita ce kwamfuta ta farko da yara suka taɓa sa wa hannu, ko da wasa kawai suka yi da ita ko kuwa suka bi shirin Alƙur'ani da ake cusa mata ta ramin sama.

Kamfanin Al-Alamiyya na ƙasar Kuwait, wanda marigayi Muhammad al-Sharikh ya kafa, shi ne ya kawo waɗannan na'urori ƙasashen Larabawa. Ba shi yake ƙera ƙarfen ba, kamfanonin Japan irin su Yamaha da Sanyo ne suke ƙerawa bisa tsarin MSX, wanda Microsoft da kamfanin ASCII na Japan suka sanar a 1983. Aikin mutanen Sakhr shi ne su sa na'urar ta iya Larabci, wato ta yi rubutu daga dama zuwa hagu, ta kuma san cewa siffar harafi tana canjawa idan ya zo a farkon kalma ko tsakiyarta ko ƙarshenta. Sun yi wannan aiki a kan na'ura mai ƙwaƙwalwar Z80 da ke gudu a kan megahaz 3.58, wadda ba ta iya duban fiye da kilobait 64 a lokaci guda, kuma ina ganin wannan abin girmamawa ne ƙwarai. Sai dai na'urar da ta iya Larabci da Turanci ba ta san Hausa ba, alhali Hausa nake so in rubuta da ita.

Dalilina kuwa shi ne mahaifiyata tana riƙe da labarin yadda kakanninmu suka baro ƙasar Hausa da ƙafa, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru suna noma a Sudan kafin su haye Bahar Maliya, kuma da Hausa take ba da shi, ba ta yarda a mayar mata da shi Larabci ba. Mu Hausawan da aka haifa a nan yawancinmu da Hausa muke magana a gida amma da Larabci muke rubutu, ni kaina sai da na girma na koyi karatun boko na Hausa a intanet. Na gwada rubuta labarin a waya da kwamfutar ofis, amma saƙonni ba sa barin mutum ya gama sakin layi ɗaya. Da na ga na'urar mahaifina sai na ƙudurta cewa a kanta zan yi wannan aiki, domin ba ta da wani abin da za ta kira hankalina zuwa gare shi in ban da rubutun da ke gabana.

Kafin in jona ta da wuta na karanta takardar da ke manne a ƙasanta don in tabbatar da ƙarfin lantarkin da take sha, saboda a da gidajen Saudiyya suna da soket na 127 da na 220 a ɗaki guda, kuma kayan wancan zamani ba duka suke jure kowanne ba. Na buɗe ta, na kaɗe ƙura da burushi mai laushi, na goge kan da yake karanta faifai da auduga da ɗan sifirit. Ta tashi a karon farko da shuɗin allonta, sai dai batirin agogonta ya daɗe da mutuwa. Wannan batiri yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a na'urorin MSX2, wato zubi na biyu na tsarin MSX irin wannan tawa, umarnin SET SCREEN yana adana faɗin allo da launinsa ne a cikin 'yar ma'adanar agogon, idan babu batiri kuwa duk lokacin da aka kashe na'ura sai ta manta. Na kuma gane da wuri cewa ba a iya karanta haruffa 80 a layi ɗaya idan an bi ta wayar eriya, domin haruffan cakuɗewa suke yi, dole sai an bi ta wayar bidiyo kai tsaye zuwa talabijin.

Batun faifai ya ci mini mako guda. Daga cikin sha biyun nan huɗu ne kawai suka karantu, sauran danshin Jidda ya riga ya lalata su, amma cikin ikon Allah ɗaya daga cikin huɗun yana ɗauke da MSXDOS.SYS da COMMAND.COM, fayiloli biyun da ake bukata don tayar da MSX-DOS, tsarin da yake tafiyar da na'urar daga faifai. Na'urar tana amfani da faifai mai inci uku da rabi mai cin kilobait 720, waɗanda ake samu yanzu a Harajin Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda, kuwa galibi masu cin megabait 1.44 ne. Dabarar da aka saba yi ita ce a liƙe ramin da ke kusurwar faifan, wanda yake daura da ramin kariya daga gogewa, da baƙin salatif, sai na'ura ta ɗauke shi a matsayin ƙaramin faifai. Kuskuren da na yi shi ne na shirya faifan farko a kwamfutar zamani, na kwafa fayilolin, na kawo shi, sai Sakhr ta ƙi tashi da shi. Tsarin ajiyar fayil ɗin iri ɗaya ne da na MS-DOS, wato FAT12, shi ya sa kwamfutocin biyu suke karanta faifan juna, amma sashen farko na faifan dole ne ya ƙunshi umarnin da Z80 take fahimta. Saboda haka a kan Sakhr ake shirya faifai da umarnin CALL FORMAT, daga baya a kai shi kwamfutar zamani a zuba masa fayiloli.

Tim Paterson, mutumin da ya rubuta tushen MS-DOS, shi ne ya rubuta MSX-DOS, kuma an gina shi yadda zai karɓi manhajojin da aka rubuta don CP/M, tsarin da Gary Kildall ya ƙirƙira wanda ya mamaye ƙananan kwamfutocin ofis kafin zuwan IBM PC a 1981. Wannan ya buɗe mini ƙofar manhajojin rubutu masu yawa. Na zaɓi WordStar na kamfanin MicroPro, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, saboda dalili ɗaya mai nauyi a wurina: ba ta bukatar dukan rubutun ya shiga ma'adanar na'ura, tana ajiye abin da ya yi yawa a faifai tana ɗaukowa yayin da ake bukata, don haka babi mai tsawo ba zai gagare ta ba. Fayiloli uku ne jikinta, WS.COM da WSMSGS.OVR da WSOVLY1.OVR, sai kuma manhajar girkawa da take tafiya tare da su. Idan aka manta da fayilolin OVR ɗin nan biyu, manhajar za ta buɗe amma za ta tsaya tana ƙorafi da zarar an nemi ta yi wani aiki.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma shi ne abin da wanda ya saba da kwamfutar yau zai yi mamakinsa. A zamanin CP/M, kwamfuta daban take, allon da madannan da ake jona mata kuma wata na'ura ce daban, kowane kamfani yana ƙera tasa da nata yaren. Idan manhaja tana so ta rubuta harafi a layi na goma, gurbi na ashirin, sai ta aika wa allon wasu lambobi na musamman da suke cewa ya kai manuniyar rubutu can, kuma lambobin da allon wani kamfani yake ji ba su ne na wani kamfanin yake ji ba. WordStar ba ta da hanyar gano irin allon da ke gabanta, mai ita ne zai gaya mata. Ita MSX allonta a jikinta yake, amma an koya mata ta ji yaren VT52, wani allo na kamfanin DEC na tsakiyar shekarun 1970. Girka manhajar rubutu a nan yana nufin mutum ya zauna ya fassara tsakanin ɓangarori biyu, ya faɗa wa manhajar kalma bayan kalma yadda za ta yi wa allon magana.

Da farko na yi gaggawa. Manhajar girkawa ta jero mini sunayen alluna, na zaɓi ɗaya da ka, na adana, na buga WS. Abin da ya fito ba zan manta da shi ba: jerin umarnin da ya kamata ya shimfiɗu a saman allo sai ya rinƙa zubowa layi bisa layi, alamomin daidai da baƙaƙe marasa ma'ana sun shiga tsakanin kalmomi, manuniyar kuma tana can ƙasa alhali harafin da na buga ya faɗa wani wuri. Babu abin da ya lalace a na'urar, manhajar ce take magana da yaren da allon bai sani ba, shi kuma yana buga abin da bai gane ba kamar rubutu ne. Na kashe na'urar, na ɗauko littafin rubutu da biro, na rubuta lambobin VT52 a shafin dama, sunayen guraben WordStar a shafin hagu, na daidaita su ɗaya bayan ɗaya kafin in sake taɓa madanni.

Manhajar girkawa tana da sashen da ake gyara gurabe da hannu, kowane gurbi da sunansa, ana kuma shigar da lambobin ne da lissafin goma sha shida, wato ƙirgar da ake yi da sha shida-sha shida a maimakon goma-goma, inda haruffan A zuwa F ma lambobi ne. Ƙa'idarsa ita ce bait na farko, wato lamba ta farko da aka shigar, yana faɗin adadin waɗanda za su biyo baya. Mafi muhimmanci shi ne CLEAD1, wato abin da ake fara aikawa idan za a motsa manuniya. A VT52 ana aika ESC, lambar da take sanar da allo cewa umarni ne ke tafe, sannan babban harafin Y, saboda haka na shigar da 02, 1B, 59, wato adadinsu biyu, sai lambar ESC, sai ta Y. Bayansu lambar layi take zuwa sannan lambar gurbi, kuma kowacce ana ƙara mata 32 don kada ta yi kama da lambobin umarni, don haka LINOFF da COLOFF duka na ba su 20, wanda shi ne yadda ake rubuta 32 a lissafin goma sha shida, na kuma bar CB4LFG a sifiri tun da layi ne yake riga gurbi. HITE, tsawon allo, na ba shi 18, wato layi 24, WID kuma 50, wato gurbi 80. Da waɗannan kaɗai manhajar za ta yi aiki, amma za ta rinƙa sake zana allo gaba ɗaya a kan ƙaramin gyara. Abin da yake ba ta sauri shi ne gurabe uku: ERAEOL mai share ragowar layi, wanda ya karɓi ESC da K, da LININS mai buɗe sabon layi da ESC da L, da LINDEL mai cire layi da ESC da M. Guraben IVON da IVOFF, masu juya launin rubutu don haskaka shi, na bar su a sifiri domin allon MSX ba ya jin wannan umarni. Da na sake buga WS sai jerin umarni ya zauna daram a samansa, layin awo ya miƙe daga hagu zuwa dama, manuniya ta tsaya a inda ya kamata.

Sauran saitin bai da wuya. Na rage yawan bayanin taimako da ke cin kusan rabin allo, ana yin haka da Ctrl-J sannan H a zaɓi mataki daga 3 zuwa 0, ni a mataki na 2 na tsaya. Na kashe daidaita bakin dama da Ctrl-O da J, domin cusa sarari tsakanin kalmomi ba ya da amfani ga rubutun da za a kai wata kwamfuta. Na kuma kashe taimakon raba kalma da Ctrl-O da H, saboda ba don gaɓoɓin Hausa aka yi shi ba. Madannan kibiya na MSX suna aika lambobi daga 28 zuwa 31, waɗanda WordStar ba ta ɗauka a matsayin motsi. Ana iya gyara wannan, amma na gwammace in koyi hanyarta ta asali, wato a danne Ctrl a taɓa E don hawa sama, X don sauka, S don hagu, D don dama. Waɗannan haruffa huɗu a kusa da juna suke a ƙarƙashin hannun hagu, kuma bayan kwana uku yatsuna sun daina neman kibiya.

Duk wannan share fage ne, domin jimlar farko da na so in rubuta tana da kalmar ƙasa da ɗaki da ɓarawo, na'urar kuwa ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Na san mutane da yawa suna rubuta Hausa a waya ba tare da lanƙwasa ba, mai karatu ya cike gurbin da kansa, amma ban yarda in yi haka da maganar mahaifiyata ba. Kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, haka dauri da ɗauri, haka bari da ɓari, kuma jikokinta da za su karanta wannan rubutu Hausarsu ba ta kai ƙarfin da za su gane daga yanayin jimla ba. Idan na rubuta musu kasa a maimakon ƙasa, kasa za su furta.

Tunanina na farko shi ne in sa sababbin haruffan a lambobin da suka haura 127, inda na'urar take da gurabe da yawa. Wannan hanya a toshe take saboda yadda WordStar take aiki. Kowane harafi bait ɗaya ne mai bit takwas, haruffan Turanci suna cin bakwai ne kawai, sai manhajar ta riƙe na takwas don amfanin kanta: da shi take yi wa harafin ƙarshe na kalma alama idan ta jera sakin layi, da shi kuma take bambanta ƙarshen layin da ita ta karya da wanda marubuci ya karya da hannunsa. Duk harafin da na ajiye sama da 127 za ta ɗauke shi a matsayin wani harafi na ƙasa mai alama. Saboda haka dole in nemi wuri a cikin lambobi 128 na farko, wato in sadaukar da wasu alamomin da ba na bukata.

Ɗan ƙanwata, wanda yake karatun kwamfuta a jami'a, shi ya nuna mini cewa Jamusawa sun riga mu shiga wannan matsala. A tsarin ISO 646 an ware wasu gurabe da kowace ƙasa za ta cika da nata haruffa, Jamus kuma ta ɗauki lambobi 91, 92 da 93 ta zuba manyan haruffanta uku masu ɗigo biyu a ka, ta zuba ƙananansu a 123, 124 da 125. A Turanci waɗannan gurabe na baka mai kusurwa ne da karkatacciyar sanda da baka mai lanƙwasa da sanda a tsaye, abubuwan da mai rubuta labari ba ya nema. Hausar Nijeriya kuwa haruffa shida cif take bukata, ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, tun da 'y da ɗan waƙafi a sama ake rubuta ta, ba kamar Nijar ba inda ake yi wa y ɗin lanƙwasa. Gurabe shida, haruffa shida.

Mun saɓa da shi a abu ɗaya. Ya ce, "Kawu, ka bi tsarin Jamusawa sak, manya a 91 zuwa 93, ƙanana a 123 zuwa 125, domin tazarar 32 ce tsakanin kowane babban harafi da ƙaraminsa, haka duk manhajoji suke lissafi." Na ce masa, "Maganarka daidai ce a lissafi, amma dubi madannan nan. Alamomin 91 zuwa 93 su ne suke fita ba tare da an danne Shift ba. Idan na bi Jamusawa, duk ƙaramin ƙ da zan rubuta sai na danne Shift, kuma a shafi ɗaya na Hausa ƙaramin ƙ yana zuwa sau da dama alhali babban bai fi a ƙirga da yatsu ba." Ya yi shiru ya gwada da hannunsa, sannan ya ce in yi yadda hannuna ya fi so tun da ni zan yi rubutun. Na juya tsarin: ƙananan haruffa a madannan da ba sa bukatar Shift, ƙ kuma na ba ta madannin da ke dama da P domin shi ya fi kusa da yatsa. Karkatacciyar sandar da na ba ɗ tana da aiki a MSX-DOS 2 na 1988, inda ake raba sunayen manyan jakunkunan fayil da ita, amma ni MSX-DOS na farko nake amfani da shi, wanda ba shi da jakunkuna ko kaɗan.

Zana haruffan shi ne aikin da na fi jin daɗinsa a cikin wannan tafiya duka. Siffar kowane harafi tana zaune a ma'adanar hoto a matsayin bait takwas, kowane bait layi ɗaya ne na ɗige-ɗige, amma a allon rubutu ɗigo shida na hagu ne kawai suke bayyana, kuma dole a bar na shidan fanko don kada harafi ya manne da maƙwabcinsa. Wato a fili mai faɗin ɗigo biyar da tsawon bakwai ko takwas za a fitar da harafi har da lanƙwasarsa. Na sayo takarda mai gidaje-gidaje irin ta 'yan makaranta, na zana akwatuna, na rinƙa cikewa da fensir ina gogewa. Gidajen daga hagu suna da daraja 128, 64, 32, 16, 8 da 4, ana tara darajar gidajen da aka cike a kowane layi. Ƙaramin ƙ ya fito mini da 96, 128, 144, 160, 192, 160, 144 da 0. Wannan 96 na farko, wato gida na biyu da na uku, shi ne dukan lanƙwasar, ɗigo biyu kacal da suka karkata dama daga kan sandar. ɓ ma haka ta zo da sauƙi, domin sandarta a hagu take, akwai fili a damanta. ɗ ce ta wahalar da ni, saboda sandarta a dama take kuma lanƙwasar ma dama take nufa, sai da na matse cikinta na ja sandar baya da gida ɗaya kafin a sami wurin ƙugiyar. Na zana ta sau bakwai, ina ɗora kowane zane a allo ina ja da baya zuwa bakin ƙofa in duba ko ido zai bambanta ta da d daga nesa.

A BASIC, harshen ba da umarni da yake cikin na'urar, ana gwada zanen da umarnin VPOKE, mai zuba lamba a ma'adanar hoto. Idan allo yana kan gurbi 40 teburin siffofin yana farawa daga 2048, idan yana kan 80 kuwa daga 4096 yake farawa, don haka harafi mai lamba 91 yana zaune a 4096 a tara da 91 sau 8, wato 4824, mai lamba 123 kuma a 5080. Bait 24 a wuri na farko, bait 24 a na biyu, jimla 48, su ne dukan abin da Hausa take nema daga wannan na'ura. Ɗan ƙanwata ya rubuta 'yar manhaja da harshen Z80 wadda take zuba waɗannan bait 48 ta ƙofofin na'urar hoto, muka sa mata suna HAUSA.COM, muka fara gwada ta a openMSX, manhajar da take kwaikwayon MSX a kwamfutar zamani, kafin mu kai ta faifai. A nan ma akwai tarko, domin duk lokacin da aka canja faɗin allo, na'urar tana sake kwafo haruffanta na asali ta shafe namu. Saboda haka jerin umarni a AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da na'urar take bi da kanta idan ta tashi, ba ya karɓar sauyi: MODE 80 da farko, HAUSA a biye, WS a ƙarshe. Sau ɗaya na sa HAUSA a gaba, sai na ga shafina cike da baka da sanduna a inda ƙ da ɗ suke.

Fitar da rubutun zuwa duniyar yau yana da matakai uku, kuma su ma a jere suke. Ana fara share bit na takwas daga kowane bait, in ba haka ba ƙarshen kalmomi zai fito da baƙaƙen da ba a san su ba. Sannan a yanke jelar fayil ɗin daga inda lamba 26 ta fara bayyana, domin da ita CP/M take nuna ƙarshen rubutu. Daga nan sai a musanya alamomi shidan da haruffan gaskiya na Unicode, tsarin lambobin haruffa da kwamfutocin yau suke bi, inda ƙ take da lambarta 0199, ɗ take da 0257, ɓ kuma 0253. Wanda ba ya son matakin farko yana iya buɗe fayil a WordStar da umarnin N a maimakon D da aka saba tun daga farko, sai dai zai rasa karya layi da manhajar take yi da kanta, ni kuwa ba na son in rinƙa lura da bakin allo alhali ina bin maganar tsohuwa.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda iyayensa suka zo daga Maiurno ta bakin Shuɗin Nilu, ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce, "Ɗana, na'urar da take da baƙaƙen Larabci a jikinta, me ya hana ka rubuta ajami?" Na ce masa, "Baba, na yi wannan tunani." Ajamin Hausa ba ya karantuwa sosai sai da wasulla, yana bukatar ɗigon ƙasa na imala don sautin e kamar yadda masu karatun Warshu suka sani, yana kuma da baƙaƙen da Larabci ba shi da su, irin ɗa mai hannu da ake ɗora wa ɗigo uku don tsa. Ga shi WordStar daga hagu kawai take tafiya. Aiki ne da ya cancanci a yi shi, amma manhaja ce sabuwa za a rubuta masa, ba gyaran gurabe ba.

Yanzu bayan sallar isha'i nake zama da mahaifiyata, ita a kan darduma da kofin shayinta, ni a gaban talabijin ɗin da na ware wa Sakhr. Tana faɗa ina bugawa, idan ta tsaya tunani sai in danna Ctrl-K da S, faifai ya yi 'yar ƙararsa, manhajar ta ajiye sabon rubutu ta mayar da tsohon zuwa fayil mai ƙarshen BAK. Mun kai inda ayarin ya sauka a El Obeid, fayil na huɗu ke nan. Abin da ya rage mini shi ne bugawa a takarda kai tsaye daga na'urar, domin firinta tana da nata haruffan a cikinta, ba ta san abin da na zana a allo ba, idan na aika mata ƙ baka mai kusurwa za ta buga. Firintocin allura masu bin tsarin Epson suna karɓar haruffan da mai su ya zana idan an aika musu da umarnin ESC da alamar &, kuma na riga na ga guda ɗaya a Haraji. Na sayo sabuwar takarda mai gidaje-gidaje, domin awon gidajen firinta ya bambanta da na allo, sai an sake zana haruffa shidan daga farko.